Awon Cikin Tela

Tef ɗin awo ne ya fara tona asirin ciwon, tun kafin wani likita ya taɓa shi. Shi Tela bai yarda da ido ba, bai yarda da bakin mutum ba, tef kawai ya sani. Shekara talatin da huɗu yana zaune a shagon nan na kusa da tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai aski, kuma duk layin sun san halinsa: ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna sau uku. In ka zo kana sauri ka ce masa ai awonka yana cikin littafinsa, sai ya dube ka ta saman tabarau ya tambaye ka ko tun bara ba ka ci abinci ba. Masu tumbi kuwa sun fi kowa shan wuya a hannunsa. Da ya zagaya musu tef a ƙugu sai su ɗauke numfashi su shanye ciki, shi kuma sai ya ƙi karanta lamba, ya tsaya yana jira har idon mutum ya fara fitowa.

"Saki cikinka, ranka ya daɗe," zai ce. "Kai za ka zauna a cikin wandon nan, ba ni ba."

To, wata safiya sai maɓallin wandonsa na kansa ya ƙi shiga. Wandon da shi ya yanka, shi ya ɗinka! Ya sa riga kuma, sai ya ji wuyanta na masa yawa. Ya ɗauko tef ya auna. Wuya ya ragu, dantse ya ragu, amma ƙasan haƙarƙarinsa na hagu ya ƙaru. Ya auna sau uku, amsar ba ta canza ba.

Gaskiyar magana, ya daɗe yana ɓoyewa. Wata biyar kenan in ya ci cokali huɗu sai ya ji ya ƙoshi har wuya, ga wani ciwo da ke tasowa daga gefen ciki ya zagaya gadon baya. Ya ɗora wa kujerar shago laifi, ya ɗora wa keken ɗinki, har ya taɓa cewa girkin gidan ne ya canza. Wannan ta ƙarshen ce ta jawo masa, domin matarsa ta yi shekara talatin da shida tana girka masa abinci, ba ta kuma ɗaukar irin wannan magana. Ta ajiye ludayi, ta ɗauko jakarta, ta ce ya tashi su tafi asibiti. Ya ce yana da aiki. Ta ce aikin ya jira. Haka ta tasa shi gaba yana ƙunƙuni har bakin titi.

A asibiti aka yi ta yawo da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, sati uku cur. An shafa masa wani mai mai sanyi a ciki an goga masa na'ura. An kwantar da shi an tura shi cikin wata ƙatuwar na'ura mai rami, wata murya na ce masa ya riƙe numfashi, ya saki, ya riƙe. An ɗebi jini. Daga ƙarshe aka sa shi ɗan barci, aka zura masa roba mai fitila ta baki har ciki, aka zuƙo ruwa da allura daga abin da suka hango. Bayan duk wannan wahala aka ce ya je ya ga likitar tiyata.

Likitar 'yar siririya ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba. Yana shiga ya lura hannun farar rigarta ya yi mata tsawo da inci guda, ta naɗe shi. Nan take zuciyarsa ta fara ƙin ta.

Ta juyo musu da allon kwamfuta, ta nuna da biro.

"Baba, a bayan tumbi akwai wata tsoka doguwa, fankiriyas muke ce mata. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, ita ke daidaita sukari a jini. To a can ƙarshenta, dab da saifa, wani ƙulli ya fito cike da ruwa. Ga shi nan, wannan baƙin. Shi ke danne maka tumbi, shi ya sa ba ka iya cin abinci."

"Girmansa nawa?"

"Santimita goma sha ɗaya."

Tela ya zaro tef daga aljihu, domin ko banɗaki ba ya zuwa ba da shi ba, ya juya shi ya duba.

"Inci huɗu da ɗan ɗoriya. Aljihun gaban riga kenan. Ikon Allah! Wa ya sa a ɗinka min aljihu a can?"

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta damƙe jakarta da hannu biyu ta yi tambayar da shi ya kasa yi.

"Likita, ciwon daji ne?"

"Mama, duk alamu sun nuna ba shi ba ne. Jininsa lafiya, ruwan da muka zuƙo ba mu ga mugun abu a ciki ba. Amma irin wannan ƙullin ba a cika ganinsa ba, kuma a hoto yana kama da wani iri da kan rikiɗe ya zama daji daga baya. Ba zan rantse miki ba sai mun cire shi, an kai ɗakin gwaji an duba shi da madubin da ke ƙara girman abu."

Tela ya ɗaga yatsa.

"Dakata, 'yata. Kin auna?"

"Mun auna, ta hanya uku."

"Kin tabbatar ko mene ne?"

"Ban tabbatar ba."

"Amma za ki yanka."

"E, Baba."

"Don ki gano ko mene ne."

"Da kuma don ka samu ka ci abinci."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dubi matarsa don ta zama shaida.

"Kin ji ko? Wallahi da wani zai zo shagona ya ce zai yanka yadi don ya gano ko auduga ne ko leda, da tsintsiya zan raka shi. Sai ka san abu kake yankawa. In ka yanka, ka yanka kenan, ba a mayarwa."

Likitar ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara ba shi haushi. Ta ce jikinsa ne, ba mai tilasta masa. Ta ce abin ba ya komawa da kansa, zai ci gaba da matse masa ciki ne, shi kuma yana ramewa. Ta ba shi takardar amincewa ya tafi da ita gida, duk ranar da ya sa hannu ya dawo. In ya ga zazzaɓi ko amai ya ƙi tsayawa, kada ya jira komai. Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu, ya ce ta kai hannun rigarta a rage mata.

Da suka koma gida ya bayyana wa matarsa shawarar da ya yanke. Zai buɗe wa kansa shafi a littafin awo, kamar kowane mai kawo ɗinki. Kullum da safe zai auna wurin. In lamba ta ƙaru, ya yarda a yi aikin. In ba ta ƙaru ba, a ƙyale shi da aljihunsa. Matar ta dube shi, ta dubi littafin, ta tashi ta shiga kicin. Da ta yi masa masifa ma da ya fi jin daɗi.

Aka fara. Kowace safiya sai ya rufe ƙofar ɗaki, ya tsaya gaban madubin kabad, ya auna, ya fito yana shela kamar mai karanta labarai.

"Talatin da biyar!"

Washegari talatin da biyar. Bayan sati, talatin da biyar. Bayan sati uku, har yanzu talatin da biyar, ko ɗigo bai ƙaru ba. Abincin dai ya koma cokali biyu, kuma sau da yawa in rana ta take sai ya zagaya bayan shago ya amayar da su, ya kurkure baki, ya dawo kan keke kamar ba shi ba.

Maƙwabta kuwa, kowa ya zama likita. Mai gyaran waya ya ce ya gani a waya cewa ruwan ɗumi da lemon tsami na narkar da kowane irin ƙulli. Mai aski ya fi shi zafi. Ya shigo da reza a hannu, ya bar mutum da rabin gemu a kujera, ya ce sam kada Tela ya yarda a taɓa shi, domin kawun matarsa an yi masa aiki a wani gari aka manta almakashi a cikinsa, shekara biyu yana yawo da shi.

"Wane irin almakashi?" in ji Tela.

"Ina na sani? Almakashi dai!"

"Shekara biyu bai yi tsatsa ba? Kai, ƙarfen kirki ne."

Suka yi dariya, mai aski ya koma wurin gemunsa. Amma da shagon ya yi shiru, Tela ya zauna ya kasa zura zare a allura. A faɗi gaskiya: tsoro yake ji. Duk maganar yadi da awo, rufa-rufa ce. Tsoro biyu ne ke cinsa. Na farko, tun da yake bai taɓa bari an yi wani aiki nasa ba tare da yana tsaye yana kallo ba. Ko famfon gida ake gyarawa sai ya tsaya a kan mai gyaran har mutum ya gaji ya ce ba zai sake zuwa ba. Yanzu an ce ya kwanta ya yi barci, a buɗe shi, ba ya gani. Na biyun ya fi muni. Muddin abin na cikinsa ba a cire ba, ba mai iya ce masa daji ne. In aka cire, za a kawo amsa, kuma amsar ba ta da gyara.

Ranar da aka shiga sati na biyar, ya manta bai sa sakata ba. Matarsa ta turo ƙofa da wanki a hannu, ta same shi tsaye gaban madubi ba riga, tef a zagaye da shi, ya ɗaga ƙirji, ya ɗauke numfashi, ya shanye ciki har jijiyar wuyansa ta miƙe. Haƙarƙarinsa duk a waje, ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa.

Ta ajiye wankin a kan gado. Ta miƙa hannu. Shekara talatin da shida ba ta taɓa riƙe tef ɗin nan ba, ko yara sun san ba a wasa da shi, amma ya miƙa mata.

"Ɗaga hannu," ta ce.

Ya ɗaga. Ta zagaya masa tef a ƙasan haƙarƙari, ta tsaya. Shi kuma ya ƙi sakin numfashi. Ita ma ta ƙi karantawa. Suka tsaya a haka, tsoho da tsohuwa, kowa na jiran kowa, har kunnuwansa suka fara ƙara.

"Saki cikinka, ranka ya daɗe," ta ce.

Ya saki. Tef ya ja. Ta matso da ido ta karanta: talatin da shida da rabi. Ta auna wuya: sha huɗu da rabi, mutumin da tun aurensu sha shida yake. Ta ɗauki biro ta rubuta duka biyun a ƙarƙashin jerin talatin da biyar ɗinsa, da manyan lambobi, ta danna biron har ya kusa huda takarda.

Ya zauna a bakin gado. Kunya ta rufe shi, kunyar da ta fi ciwon.

"Maman yara," ya ce, "tsoro nake ji."

"Na sani."

"In aka cire aka ce shi ne fa?"

"In shi ne, da an cire da ba a cire ba shi ne. Ni fa? Kana tsammanin wanka nake yi in na daɗe a banɗaki famfo na zuba? Kuka nake yi, Baban yara. Ka bar ni ina kallonka kana ƙarewa, kana fitowa kana min talatin da biyar, talatin da biyar! Haba, ka ji tausayina mana."

Bai taɓa jin ta roƙe shi wani abu da irin wannan murya ba. Ya laluba aljihun wandon da ke rataye, ya zaro takardar, duk ta yamutse. Ya ce ta kunna masa dutsen guga. Sai da ya goge takardar ta miƙe sarai sannan ya sa hannu, wai ba za a ce daga gidan tela aka kawo ta a haka ba.

Aka ba su rana, aka ba shi gado. Safiyar aikin, nas ta zo shirya shi ta tarar gadon ba kowa. Minti ashirin yana banɗaki. Da ya fito ya kwanta, ta ɗaga rigar asibitin don ta goge masa ciki, sai ta yi baya ta dafe ƙirji.

"Baba! Me ka yi wa kanka?"

Me ya yi kuwa? Aiki ya yi. Ya shigo da shuɗin allinsa da 'yar rula a cikin jakar sabulu. A ƙasan haƙarƙarin hagu ya ja layi guda, ɗoɗar, inci shida. A ƙasansa ya ja wani na ɗigo-ɗigo, rabin inci tsakani, wato rarar da za a bari don ɗinki. A gefe ya zana kibiya, ya rubuta "nan". Da yake a madubi ya yi, kibiyar ta ɗan karkace, kuma ya ce a yi masa uzuri a kan wannan.

Nas ta tafi ta kira likita. Matarsa ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita kam ba ta san shi ba. Masu jinyar gadajen kusa duk suka miƙo wuya.

Likitar ta zo cikin koren kayan tiyata. Ta sunkuya ta dubi zanen da kyau, ta bi layin da yatsa, ba ta ko murmusa ba.

"Layin ya miƙe, Baba."

"Ai dole."

"Sai dai ba ta nan za mu bi ba. Ƙananan ramuka huɗu za mu yi, nan, da nan, da nan, da nan. Mu zura fitila mai kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran. Mu raba ƙullin da abin da ke kewaye da shi, mu yanke shi tare da ɗan ƙarshen tsokar, mu sa shi a leda tun a ciki, mu ɗan ƙara faɗin rami ɗaya mu jawo shi. Saifar za mu yi ƙoƙari mu bar maka abarka."

"Ramuka kamar yaya?"

Ta nuna da yatsu biyu.

"Ramin maɓalli! Za ki fitar da aljihu ta ramin maɓalli? Tabɗi! To da wane zare za ki rufe?"

"Wanda ke narkewa da kansa bayan 'yan makonni."

"Zare mai narkewa! 'Yata, da ni na yi wa mutane ɗinki da irin wannan, da tuni an ƙona min shago."

Aka kwashe da dariya a ɗakin, har wani tsoho mai robar iska a hanci ya shiga tari. Tela bai yi dariya ba. Yana kallon silin, hannunsa ya damƙe zanen gado. Likitar ta gani. Ta zaro wani biro mai ruwan shuni daga aljihu.

"Baba, wani lokaci in mun shiga muka ga ramukan ba za su ishe mu ba, dole mu buɗe. In haka ta faru, kusan nan ɗin da ka zana muke bi. Allinka zai wanke in an goge ka da magani, bari in bi kansa da nawa."

Ta ɗora biron a kan layinsa ta ja, a hankali, daga farko har ƙarshe. Shi kuma ya ɗaga kai yana kallo, yana jiran ta kauce. Hannunta bai yi rawa ba, bai kauce ko kaɗan ba. Ya mayar da kansa kan matashi, ya yi dogon numfashi, ya ce a tafi.

A ɗakin tiyata wani ƙaton mutum mai allurar barci ya ce masa ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Tela ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce wuya sha bakwai da rabi, kafaɗa ashirin, hannu ashirin da biyar, ƙugu kuwa sai ya saki ciki tukuna. Bai kai ga tsawon wando ba.

Da ya farka, bakinsa a bushe, ga matarsa a kansa idanunta jawur. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an buɗe. Ta ce ba a buɗe ba, ramuka huɗu ne, ɗaya ya ɗan fi sauran. An cire abin gaba ɗaya, saifarsa na nan. Ya ce to layin da ya sha wahala ya ja fa? Ta ce ya yi shiru kafin ta kira mai allurar nan ya ƙara masa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Roba na fitowa daga gefen cikinsa tana zubar da ruwa a wata 'yar jaka, kullum a zo a auna, a soke masa yatsa a duba sukari. Tari azaba, dariya azaba, ga nas ta nace sai ya taka zuwa ƙarshen baranda yana riƙe da jakarsa. Rana ta uku da aka zo canza auduga, ya sa matarsa ta riƙe masa madubin jakarta don ya ga ɗinkin. Ya duba, ya sa tabarau ya sake dubawa. Babu zare ko ɗaya a waje. Ta ƙarƙashin fata aka bi, baki ya haɗu da baki, ba tattara ba kumbura. Ya daɗe yana neman abin kushewa.

"Ba laifi," ya ce daga ƙarshe.

Matarsa ta kusa sakin madubin. Ba ta taɓa jin ya faɗi haka a kan ɗinkin wani mahaluƙi ba.

Rana ta biyar ya cinye farantin shinkafa tas, ya tambaya ko akwai ƙari. Rana ta shida aka cire robar aka sallame su. Amma amsar ba ta zo ba. Aka ce sai bayan kwana goma sha biyu. Waɗannan kwanakin sun fi tiyatar nauyi. Yana ci, yana takawa, ciwon baya ya tafi, amma ya zama shiru-shiru, masifar ma ta daina fita. Wani tsohon mai kawo masa ɗinki ya biyo shi har gida da yadi mai kyau, ya ce kwat yake so, 'yarsa za ta gama karatu nan da wata uku, ba sauri. Tela ya shafa yadin, ya juya shi, ya ninke ya mayar masa. Ya ce ya kai wa wani, shi ba ya karɓar aikin da ya wuce sati. Matarsa na jin su daga kicin. Famfo ya daɗe yana zuba ranar.

Ranar amsa suka isa da wuri, suka zauna a bencin baranda. Da aka kira su, likitar ba ta bari sun gama zama ba.

"Baba, ba daji ba ne."

Matarsa ta ce, "Alhamdulillahi," sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Likitar ta karanta musu wani dogon suna daga takarda, ta ce ƙulli ne na ƙananan hanyoyin ruwan jiki, mai yiwuwa ya daɗe ƙwarai yana girma a hankali. Ba ya yaɗuwa. An cire shi duka, gefensa tsaf. Ta ce a duk shekarunta na aiki wannan ne na biyu da ta gani.

Tela ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Kenan lafiyayyen yadi kika yanka."

Jakar matarsa ta sauka a kafaɗarsa, tim! Likitar ta yi dariya har da kifa kai a tebur. Ta ce e, ta amsa laifinta, amma ya tuna wa ya ci faranti biyu a asibitinta. Ta ce ya riƙa duba sukari lokaci-lokaci, kada ya ɗaga abu mai nauyi tukuna. Sannan ta jawo wani ɗan kati ta yi rubutu, ta miƙa masa.

"Sai ka dawo mu ɗauki hoto, don mu ga komai na zaune daidai. Ga ranar nan na rubuta. Shekara guda daga yau."

Ya karɓa. Ya sa tabarau. Ga rana, ga wata, ga lambar shekara mai zuwa, an rubuta da biro ɓaro-ɓaro, a matsayin ranar da ake jiransa. Tun ranar da aka nuna masa baƙin abin nan a allo bai bar zuciyarsa ta leƙa ko wata mai zuwa ba. Yanzu ga wata yarinya ta rubuta masa shekara sukutum ba tare da ko tunani ba, har tana neman murfin bironta.

Ya juya ga kalandar da ke bango, ya ƙirga da yatsa.

"Talata ce," ya ce. "Ranar Talata aiki yana min yawa."

Hawaye suka zubo masa, suka taru a ƙasan tabarau, suka gangaro kan katin. Bai share ba. Ya riƙe katin da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza, tsoho guda yana kuka a gaban sa'ar 'yar cikinsa, kuma bai ji kunya ba.

Matarsa ta kama hannunsa, ita ma fuskarta sharkaf.

"Likita, ki bar ta a Talatar," ta ce. "Zan kawo shi."